Tabilet a hannun malama, allo a hannun yaro: shekara uku na ɗan ƙanina a wata firamaren gwamnati a Agege

Ƙanina ya sauko Legas da iyalinsa a watan Agustan 2022, bayan 'yan bindiga sun hana su noma damina biyu a jere a ƙauyenmu can Zamfara, makarantar boko guda ɗaya da ke garin ma an daɗe da rufe ta malaman duk sun watse. Ya samu aiki wajen masu fiɗa a kwatar Oko-Oba, muka samar masa ɗaki a layinmu nan Zangon Agege. Babban ɗansa lokacin shekararsa tara, a allo ya yi nisa don ya wuce izu biyar kuma rubutunsa da tawada gwanin kyau, amma na boko ko A bai sani ba, Turanci babu, Yarbanci babu, ko burokan nan da yaranmu na nan suke tashi da ita a baki shi babu.

Ni malamin islamiyya ne, na fi shekara ashirin a Agege, kuma ina cikin kwamitin iyaye da mutanen unguwa na wata firamaren gwamnati da ke kusa da mu, wanda ake ce ma SBMC. Shi yasa da aka buɗe makaranta a Satumba ni na kama hannun yaron na kai shi. Abin da ya faru daga ranar zuwa yau shi nake so in rubuta, don na san akwai gidaje da yawa a Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago da ke cikin irin wannan halin. Ba zan kama sunan makarantar ko na malaman ba.

Yadda tsarin yake

Da farko bari in warware wani abu da yake rikita mutanenmu. A Legas makarantun sakandare na gwamnati an kasa su gunduma shida na ilimi, mu Agege da Alimosho da Ifako-Ijaiye muna Gunduma ta 1, ofishinta ma nan Agege yake. Su kuma firamare suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha wato LASUBEB, kowace ƙaramar hukuma da nata ofishin ilimi. Toh a 2019 gwamna Babajide Sanwo-Olu ya ƙaddamar da wani shiri mai suna EKOEXCEL na firamare, da haɗin gwiwar wani kamfani NewGlobe, irin wanda Edo suka fara a 2018 da sunan EdoBEST, daga baya Kwara da Bayelsa ma suka ɗauka. An fara da wasu makarantu sannan aka faɗaɗa har ya game firamaren gwamnati sama da 1,000 da ke jihar.

Da maganar ta fito mutane da yawa a Zango sun ɗauka yara za a raba ma kwamfuta, har wani maƙocina mai shayi ya ciro 'ya'yansa biyu daga makarantar kuɗi saboda wannan. Ba haka bane. Tabilet ɗin na malami ne, yaro baya taɓa shi. A ciki ake turo darasin kowace rana a rubuce tsaf, abin da malami zai faɗa, abin da zai rubuta a allon bango, tambayar da zai yi, da mintocin da kowane sashe zai ci. Shugabar makaranta kuma tana da babbar waya, da safe malamai su haɗa tabilet ɗinsu da wayarta, daga nan ake sanin wa ya zo da ƙarfe nawa, wa ya kammala darasi wa bai kammala ba, har da kiran sunan yara da makin jarabawa duk a ciki ake sawa ya tafi sama.

Gaskiya ɗaya ce, wannan ya gyara abu babba. Ni na san makarantar nan tun kafin tabilet, na san lokacin da zaka shiga ƙarfe tara ka tarar da aji biyu ba malami yara na ta dambe a kan benci. Yanzu da wuya ka ga haka. Bulala ma ta ragu sosai, dama gwamnatin jiha ta hana duka, sai waƙoƙi da tafi da ake yi ma yaron da ya ba da amsa daidai. Duk wanda yace maka ba abin da ya canza toh bai leƙa aji ba.

Ranar da na zauna a bayan aji

An sa yaron a aji biyu, duk da shekarunsa na aji huɗu ne, shugabar tace ƙasa da haka ba zai yiwu ba ya yi girma. Sati shida ana tafiya, kullum na tambaye shi sai yace lafiya lau Baffa. Littafinsa kuma cike da rubutu mai kyau, don hannun da ya saba da alƙalamin kara kwaikwayon harafi ba ya masa wuya. Uwarsa tana ta murna. Sai wata rana bayan magariba na buɗe littafin na ɗora yatsa a kan kalma ɗaya da shi ya rubuta da hannunsa nace karanta min, yayi shiru, na matsa gaba yayi shiru, shafi guda cur ko harafi ɗaya bai iya kira ba. Zane kawai yake yi. Idonsa ya ciko yace Baffa ni ban san abin da suke cewa ba, in sun ɗaga murya nima sai in ɗaga. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba.

Washegari na nemi izinin shugabar na shiga ajin na zauna a benci na ƙarshe. Yaran da na ƙirga sun haura hamsin, fanka biyu a sama ba wuta, tagogi a buɗe ana jin hon ɗin danfo daga titi. Malamar, da yara ke kira Anti, Bayarbiya ce mai matsakaicin shekaru, tabilet a hannun hagu alli a hannun dama, ta duba ta faɗa, yara su amsa gaba ɗaya, ta juya ta rubuta, ta duba ta sake faɗa, a tafa sau uku, a wuce na gaba. Ba ta zauna ba ko sau ɗaya, kuma ba wasa take ba, matar nan aiki take da gaske gumi har ya jiƙa mata wuyan riga. Ni kuma idona na kan yaronmu a layi na huɗu, bakinsa na motsi tare da na kowa amma kullum yana baya da rabin numfashi, yana jira ya ji ƙarshen kalmar daga bakin na kusa da shi sannan ya kama. Daga gaban aji ba mai iya gane wannan, kai kace yana cikin masu ƙoƙari. Da lokaci ya cika ta danna an kammala darasi, kuma ba ƙarya ta yi ba an kammala ɗin.

A nan ne abin ya faɗo min, don ni ɗan makarantar allo ne. Mu ma da amshi muke karatu, malam ya biya yaro ya maimaita, wannan ba baƙon abu bane gare mu. Amma a tsangaya kowane yaro da allonsa, kuma ba a wanke allo sai ka kawo haddarka malam ya ji da kunnensa, in baka iya ba ka koma ka zauna ko da kwana bakwai ne, wanda kuka fara tare ya wuce ka ba komai. A nan kuwa allo ɗaya ne na yara hamsin, a gaskiya ma allo ɗaya ne na duk 'yan aji biyu na jihar Legas, kuma kullum sai an wanke shi ko ka iya ko baka iya ba, gobe sabon darasi ya sauko. Yaron da ya fara tun daga ajin rainon yara tsarin na tafiya da shi daidai. Wanda ya faɗo a tsakiya da Hausa zalla a bakinsa, jirgin ba ya tsayawa a tasharsa.

Da aka tashi tara na same ta a baranda muka yi magana da buroka. Tace Alfa, haka suke kiran malamanmu, na san yaronka baya ji, tun sati na biyu na gane, amma in na tsaya a kansa minti goma darasin ba zai ƙare ba kuma za a gani a sama, sauran yaran ma suna da haƙƙi a kaina, ni kuma Hausar da na sani ba ta wuce sannu da nawa ne ba. Ban ga laifinta ba. Ga Yarbanci kuma, tun dokar 2018 dole ne a koyar da shi a makarantun Legas, kaga yaro ɗaya yana kokawa da Turancin littafi da Yarbancin aji da burokan filin wasa duk a lokaci ɗaya.

Abin da waya ta nuna mana game da kanmu

Na tafi taron kwamiti na gaba da niyyar in yi ƙorafi sosai, sai aka juyo min da madubi. Shugabar makarantar ta ɗauko wayarta ta buɗe rajistar zuwan yara ta miƙo min tace Malam duba da kanka. Ban buƙaci tafinta ba. Sunayen yaranmu ne, ranar Juma'a ja, ranar Juma'a ja, wasu har da Litinin. Sai kuma ta ja baya zuwa zangon da ya wuce wajen babbar sallah, yaran da aka tafi da su gida Arewa, sati biyu sati uku wasu wata guda ba su dawo ba. Tace da can in na faɗa sai a ce ƙabilanci ne, yanzu gashi a rubuce rana rana.

Kunya ta kama ni don na san gaskiya ne, na san gidajen ma. Yarinya a ɗora mata tallan fura ko awara da safe a ce in ta sayar ta wuce makaranta, yaro a ce ya raka babansa kara kasuwa ta buɗe, Juma'a kuma an mayar da ita ranar hutu alhali makaranta na tashi da wuri a samu salla. Da can da malami ke tsara darasinsa da kansa, in ya ga rabin aji basu zo ba yana iya maimaitawa. Yanzu darasin Juma'a in ya wuce ya wuce, kuma na Litinin a kansa aka gina shi. Kenan tsarin nan ya fi hukunta mai fashi fiye da na da, mu kuma mu ne masu fashin.

Wannan shine amfani mafi girma da ni na gani a na'urar nan, ba koyarwar ba, rajistar. Mun ɗauki maganar muka kai wa limamai uku na unguwa, aka yi ta a huɗuba da bayan sallar isha, muka bi gidaje ni da wata hajiya 'yar kwamiti, ita ta shiga wajen mata ni ina waje da maza. Wasu sun ji wasu sun ce Malam abinci ake nema, kuma ban iya musa musu ba, wanda ya san kuɗin haya a Agege ba zai yi saurin zagin mai ɗora talla ba. Amma dai Juma'a ta gyaru ƙwarai. Tafiyar sallah ce har yau muke fama.

Abin da muka yi wa yaron

Abu biyu ne kuma ba ɗaya da ya ci kuɗi. Na farko dabarar Anti ce, ta ɗauko wata yarinya Bahaushiya haifaffiyar Agege, jikar mahauta, wadda Hausa da Yarbanci da buroka da Turanci duk ruwa ne a bakinta, ta zaunar da ita kusa da shi, in aka faɗi umarni ta raɗa masa, buɗe shafi kaza, ja layi a ƙarƙashi, yanzu lissafi ne. Wannan baya cikin tabilet, daga kan malamar ya fito.

Na biyu a islamiyya muka yi. Na lura yaron ya riga ya san sirrin karatu, ya san harafi na da sauti, ya san wasali na juya shi, tunda ya yi babbaƙu da farfaru tun yana ɗan shekara biyar. Toh sai na ɗauko allonsa na katako na rubuta ba bi bu da ajami a sama, a ƙasa na rubuta su da boko. Ya kalla ya kalla sai yace Baffa ashe wannan mai cikin a gaba ita ce ba, nace ita ce. Cikin sati uku yana karanta Hausar boko, gida, rago, tuwo, kasuwa, har yana bin allunan shaguna yana haɗa baƙi. Daga nan ne muka tsallaka Turanci, wanda shi kam rubutunsa da furucinsa basa jituwa sai a hankali. Anti ta riƙa rubuto min a takarda kalmomin da za a yi sati mai zuwa, tunda ita tana ganinsu a tabilet kafin lokaci, ni kuma in fassara masa su da daddare, sai ya shiga aji ya riga ya san ma'anar abin da za a rera. Da wasu iyaye suka ji sai suka turo nasu, muka ware rabin awa bayan la'asar ranar Asabar da Lahadi, yara goma sha wani abu.

In ka lura a nan ma na'urar ta taimaka, don da darasin ba a tsare yake ba da ba wanda zai iya faɗa min abin da za a koyar sati mai zuwa. Amma sai da mutum biyu suka zauna suka yi abin da ba a rubuta musu ba.

Caji da sauran ƙananan abubuwa

Akwai abubuwan da ba a faɗa a wajen bikin ƙaddamarwa. Tabilet sai da caji, wayar shugaba sai da netwok, makarantar kuma wuta sai ta ga dama. Malamai a gida suke caji, wasu da fawa bank a jaka, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 kuwa tada janareta don cajin abin aiki ya zama nauyi a kan mai ƙaramin albashi. Mai shagon caji na bakin layinmu ya sha karɓar tabilet ɗin malamai da asuba. Ranar da na Anti ya mutu tsakar darasi ta ci gaba daga kanta ba gargada don ta daɗe a aikin, amma wata tsohuwar malama ta taɓa ce min abin da ke damunta shine sababbin da suka fara aiki da tabilet a hannu, in babu shi ya zasu yi, ba su taɓa zama sun tsara darasi da kansu ba. Wata matashiya kuma tace ita ya sauƙaƙa mata, da can rubuta tsarin darasi ke cinye mata daren Lahadi. Dukansu gaskiya suka faɗa a ganina.

Lokacin korona ma mun ɗanɗana, da aka rufe makarantu a Maris 2020 an koma darasi ta rediyo da talabijin da WhatsApp, daga baya aka raba wa yara 'yan na'urorin sauraro na MP3 masu darasi a ciki. Ƙoƙari ne babba, amma a gidan haya mai ɗaki ɗaya waya guda ce kuma tana aljihun maigida da ya fita tun asuba, darasin kuma da Turanci, uwar da ke gida ba ta ji balle ta taya.

Wani abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kuma shine yaran da kansu har yanzu basu taɓa kwamfuta ba. Daga Agege zuwa Computer Village ta Ikeja tafiya ce 'yar kaɗan, duk ƙasar nan can ake zuwa sayen waya da laftof, amma ɗan ƙanina bai taɓa ɗora yatsa a kan kibod ba, alhali tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara bin wannan hanyar. Na san a 2022 an buɗe sababbin azuzuwa na zamani a makarantar Vetland nan kusa da mu masu allon bango da ake taɓawa da yatsa, abin sha'awa, amma makaranta ɗaya ce cikin ɗaruruwa.

Inda muke yanzu

Ƙarshen aji biyu yaron yana can ƙasa a jarabawa, amma ya daina motsa baki a banza, in bai gane ba yana ɗaga hannu. A aji uku ya fara karanta gajeren labari shi kaɗai yana bin layi da yatsa. Ya gama aji huɗu a Yulin 2025, lissafin lamba ba mai kama shi a ajin, amma lissafin da ake sakawa cikin zance na Turanci har yanzu sai an warware masa, yana iya aikin, tambayar ce baya ganewa. Buroka kam yanzu ya fi ni, Yarbanci ma yana ciniki da shi a wajen mai burodi.

A taron kwamiti na rubuta buƙata biyu aka sa a takarda za a miƙa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Ɗaya, makarantun da ke unguwannin Hausawa a tura musu ko da malami ɗaya mai jin Hausa, akwai 'ya'yanmu masu NCE da ke zaune a Agege ba aiki. Biyu, yaron da ya zo a tsakiya bai iya karatu ba a ware masa wata biyu ko uku na koyon baƙi kafin a jefa shi cikin darasin kowa. Muna jiran amsa.

Ita Anti an canza mata makaranta a farkon wannan zangon, ta zo har islamiyya ta yi min sallama, ta kawo wa yaron ƙamus ƙarami na Turanci. Yarinyar da ke masa tafinta kuma iyayenta sun koma Ogun wajen Sango Ota saboda haya. Satin da ya wuce wasu iyalai biyu suka sauka daga Sakkwato da yara huɗu, babbar cikinsu shekararta goma sha ɗaya bata taɓa shiga aji ba, na kai su ranar Litinin, sabuwar malamar ban saba da ita ba tukuna amma ta yarda zata riƙa rubuto min kalmomin sati. Ɗan ƙanina ne yanzu ke zama da ƙananan biyun ranar Asabar, da allonsa na katako, ajami a sama boko a ƙasa.